KEFFI: GARIN DA YA HAIFI WASU MANYA, YA KUMA RENI WASU

Idan aka ce a zauna a lissafa mashahuran mutanen da garin Keffi ya fitar, aikin yana da sauƙi a baki. Amma da zarar an ɗauki alƙalami sai wata tambaya ta tare hanya, watau shin wane ne ɗan Keffi? Akwai wanda aka yanke wa cibiya a cikin garin, ya yi wasan ƙasa a lungunansa. Akwai wanda aka kawo shi yana yaro da ɗan akwatinsa, ya yi shekara biyar yana shan ruwan garin, sa'an nan ya koma ƙasarsu ya zama abin da Allah ya nufe shi da zama. Akwai kuma wanda aka haifa a wani gari dabam, amma in an tambaye shi asalinsa ba shi da wata amsa sai Keffi. Duk waɗannan iri uku suna cikin jerin manyan da ake jingina wa garin, kuma da za a cire kashi ɗaya daga cikinsu da jerin ya rame ƙwarai da gaske.

Keffi dai tana yammacin Jihar Nasarawa ne, kilomita 50 da 'yan kai daga Abuja. Ƙaramar hukumarta tana da mazaɓu 10, watau Unguwar Iya ta ɗaya da ta biyu, da Tudun Ƙofa, da Gangaren Tudu, da Ƙofar Goriya, da Yara, da Unguwar Rimi, da Jigwada, da Liman Abaji, da kuma Sabon Gari. Sunayen nan su kansu tarihi ne ga mai lura. Unguwar Iya tana ɗauke da sunan sarauta. Ƙofar Goriya tana tuna wa mutane zamanin da garin yake cikin ganuwa. Liman Abaji suna ne da ya fara da muƙamin limanci, alamar irin matsayin da malamai suke da shi a garin. Sabon Gari kuwa, kowa ya san waɗanda akan ware wa shi a garuruwan Arewa, watau baƙi. Sarauta, da malanta, da baƙunta, a kan waɗannan Keffi ta ginu, kuma daga cikinsu manyan mutanenta suka fito.

WANDA YA KAFA GARIN MA BAƘO NE

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma a Keffi raɓar ce ta fara sauka kafin kabar ta tsiro. Abdu Zanga, wanda ya kafa garin a wajejen shekarar 1800, Bafillatani ne makiyayi daga ƙasar Katsina. Kiwo ne ya riƙa kawo shi kudu da shanunsa, har ya ga wurin ya yi masa, ya zauna ya kewaye mazauninsa da kafi saboda tsaro. Daga wannan kalma ta kafi aka sami sunan garin. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kankama, sai Abdu Zanga ya karɓi tuta ta hannun Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko a cikin Fulani. Tun daga lokacin Keffi ta zama tana bin Zazzau, tana kai mata gaisuwa, ita kuma Zazzau tana bin Sakkwato.

A cikin mayaƙan da suka yi wa Keffi aiki a farkon zamaninta akwai Umaru Makama Dogo, shi ma mutumin ƙasar Katsina ne. Bayan rasuwar Abdu Zanga sai saɓani ya shiga tsakaninsa da masu mulkin garin, ya tashi da jama'arsa ya yi kudu, ya kafa garin Nasarawa a wajejen 1838. Ke nan sunan da jihar baki ɗaya take amsawa a yau ya samo asali ne daga garin da wani mutum ya kafa bayan ya bar Keffi.

Abin da ya ƙara jawo baƙi shi ne hanya. Keffi tana kan tafarkin fatake masu tasowa daga Kano da Zariya su gangara zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, kuma hauren giwa yana cikin manyan hajojin da ake ratsawa da su ta kasuwarta. Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Gerhard Rohlfs, ya sauka a garin cikin 1867 a kan hanyarsa daga Barno zuwa Ikko. Wani ɗan ƙasarsu, Paul Staudinger, ya bi ta nan cikin 1885 zai tafi Kano da Sakkwato. A taswirorin Turawa na wancan zamani akan haɗa sunan garin da na Abdu Zanga a rubuta su tare, don a bambanta shi da sauran wuraren da ake kira kafi.

MAGAJI ƊAN YAMUSA

Babu wani mutumin Keffi da sunansa ya shiga littattafan tarihi kamar Magaji Ɗan Yamusa. Shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 ƙarfinsa ya kai inda ko Sarkin Keffi na lokacin, Ibrahim Barde, ba ya iya tanƙwara shi. Da Turawa suka shigo suka naɗa Kyaftin Maloni Razdan na Lardin Nasarawa, sai suka nemi Magaji ya daina kai harin bayi, ya kuma miƙa wuya. Shi kuwa ya ga ba shi da wani ubangida sai Zazzau da Sakkwato.

Ran 3 ga watan Oktoba, 1902, Maloni ya zo ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa. Ya tura mataimakinsa, wani Bature mai suna Webster, shi ma da ƙyar ya fito da ransa. Da Maloni ya aika a kirawo soja, sai Magaji ya fito bisa doki ya kashe shi nan take, ya kama hanyar arewa. Tafintan Razdan, Audu Timtim, shi ma a ranar ya gamu da ajalinsa, kuma masu ba da tarihi da yawa suna ɗora masa laifin karkatar da magana tsakanin mutanen biyu har abin ya kai ga jini.

Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa ita ce babbar hujjar da Gwamna Lugga ya riƙe ya tura rundunarsa. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas, kuma tare suka kwanta dama a yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli, 1903. Saboda haka abin da ya faru a ƙofar fadar Keffi cikin 'yan mintoci shi ne ya gaggauta faɗuwar daula sukutum.

Har yau ba a taru a kan hukunci ɗaya game da wannan mutum ba. A wurin mutane da yawa gwarzo ne wanda ya ƙi sunkuyar da kai ga Nasara, ya kuma ba da ransa a kan haka. Amma ƙabilun da ke kewaye da Keffi, irin su Mada, da Eggon, da Yeskwa, da Afo, waɗanda kakanninsu suka sha hare-haren mayaƙan wancan zamani, suna da nasu labarin da suka gada, kuma gaskiya ce cewa a cikin gaisuwar da Keffi take kai wa Zazzau har da bayi. Mai son rubuta tarihin garin tsakani da Allah dole ne ya saurari ɓangarorin biyu.

Wani abin lura kuma shi ne inda kowannensu ya kwanta. Maloni, wanda ya zo daga ƙetaren teku, a Keffi aka binne shi, a kan dutsen da har yanzu ake kira da sunansa. Magaji kuwa yana can Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yanzu, nesa da gida. Sai dai sunan da Turawa suka nema ruwa a jallo bai ɓace ba. Mai Martaba Alhaji Muhammadu Cindo Yamusa na Biyu ya hau gadon sarautar Keffi cikin 1978, ya shekara 37 a kai har Allah ya yi masa rasuwa cikin Disamba 2015. Ɗansa, Dokta Shehu Cindo Yamusa na Uku, masanin shari'a, shi ya gaje shi.

KWALEJIN DA TA RENI 'YA'YAN WASU

Hanya ta biyu da Keffi ta yi suna ita ce makaranta. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa cikin 1949, tana cikin 'yan ƙalilan ɗin makarantun sakandare da Gwamnatin Jihar Arewa take da su a wancan lokaci. Ba a gina ta don 'ya'yan garin kaɗai ba. Daga larduna dabam-dabam ake zaɓo yaran da suka fi ƙoƙari a jarrabawa, Musulmi da Kirista, a haɗa su a ɗakin kwana ɗaya, su ci abinci a wuri ɗaya.

A cikin waɗanda suka zauna a azuzuwanta a shekarun 1950 akwai Joseph Akahan, ɗan ƙabilar Tibi, wanda ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa cikin 1967 yana da muƙamin Kanar, ya kuma rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a lokacin yaƙin basasa. Akwai Aper Aku, shi ma Batibi, wanda ya zama gwamnan farar hula na farko a Jihar Binuwai daga 1979 zuwa 1983.

Amma wanda ya fi su duka ɗaukaka shi ne Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya ji ƙansa. Ɗan Matawallen Katsina ne, a Katsina aka haife shi cikin 1951. Ya zo Keffi cikin 1965 yana ɗan shekara 14, ya zauna har 1969, sa'an nan ya wuce Kwalejin Barewa da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya zama Shugaban Ƙasa daga ran 29 ga Mayu, 2007, har rasuwarsa ran 5 ga Mayu, 2010. Duk wanda ya san rayuwar makarantar kwana ya san cewa shekarun da yaro yake yi tsakanin 14 da 18 su ne suke gina halinsa, a nan yake samun abokan da zai riƙe har tsufa. Waɗannan shekaru na 'Yar'aduwa a Keffi aka yi su. Garin da makiyayi daga Katsina ya kafa, sai ga shi bayan shekara 160 da wani abu ya reni wani Bakatsine ya miƙa wa Nijeriya.

WAƊANDA GARIN YA HAIFA

A cikin 'ya'yan cikin gari na wannan zamani, Alhaji Abdullahi Adamu, Turakin Keffi, shi ne ya fi daɗewa a fagen siyasa. An haife shi a Keffi ran 23 ga Yuli, 1946. Abin mamaki, shi bai yi sakandare a kwalejin garinsu ba. A shekarun da Keffi take karɓar 'ya'yan Tibi tana koyar da su, shi kuma Makurɗi ce ta karɓe shi, daga nan ya tafi makarantar koyon sana'a ta Bukuru, sa'an nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Bayan ya manyanta ya koma Jami'ar Jos ya karanta shari'a.

Ya shiga Majalisar Tsara Tsarin Mulki cikin 1977, ya riƙe shugabancin jam'iyyar NPN a Jihar Filato a Jamhuriya ta Biyu, ya yi ƙaramin ministan ayyuka da gidaje daga 1995 zuwa 1997. Da Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Nasarawa daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, aka kuma koma mulkin farar hula, shi ne ya zama zaɓaɓɓen gwamnanta na farko, daga 1999 zuwa 2007. Ya wakilci Nasarawa ta Yamma a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2022, ya shugabanci jam'iyyar APC ta ƙasa daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023. A zamanin gwamnatinsa aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai cikin 2002. Shugabanta na farko ma baƙo ne, watau Farfesa Adamu Baikie, wanda kafin nan ya shugabanci Jami'ar Binin da ta ƙasar Lesoto.

Sai kuma Alhaji Ahmed Aliyu Wadada, wanda ya wakilci Karu da Keffi da Kokona a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2011. A zaɓen 2023 ya tsaya takarar Sanata a ƙarƙashin jam'iyyar SDP, ya kuma kayar da ɗan takarar APC, alhali kuwa shugaban APC na ƙasa a lokacin ɗan garinsu ne. Shi ne kuma ya kafa filin wasan folo na Keffi, wanda yake jawo mahaya daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan.

A ɓangaren mata akwai Hajiya Imaan Sulaiman-Ibrahim, wadda ta shugabanci hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, daga ƙarshen 2020, ta koma hukumar kula da 'yan gudun hijira cikin 2021. Cikin Agusta 2023 aka naɗa ta ƙaramar ministar harkokin 'yan sanda, cikin Oktoba 2024 kuma aka ba ta ma'aikatar harkokin mata. Ita a Jos aka haife ta cikin 1980, lokacin da Keffi take cikin Jihar Filato, kuma a Abuja ta tashi. Asalin gidansu ne ya sa take 'yar Keffi.

ABUJA TANA MATSOWA

A nan ne tambayar da aka fara da ita ta wuce zancen alfahari, ta zama zancen haƙƙi. Tsarin mulkin 1979 shi ne ya fara shigar da ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi, kuma sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce lalle ne a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, ya kuma kasance ɗan asalin jihar ne. A aikace, takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma take bayarwa ita ce mabuɗin samun gurbin karatu, da tallafin ɗalibai, da aikin gwamnati, da shiga soja. Takardar kuwa asalin uba take bi, ba inda aka haifi yaro ba.

Wannan al'amari ya fi shafar Keffi a kan garuruwa da yawa, saboda maƙwabciyar da ta samu. Cikin Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Kwara da Filato. Ran 12 ga Disamba, 1991, aka dawo da fadar gwamnati daga Ikko. Tun daga nan ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a cikin Abuja suka riƙa gangarowa ta Nyanya, suka cika Mararraba da Masaka, gine-gine suka yi ta bin titi suna nufo Keffi. Ga jami'a, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kowace da ma'aikatanta da iyalansu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 92,000 a ƙaramar hukumar, kuma duk mai ido ya san garin ya faɗaɗa nesa da haka. Akwai masu kwana a Keffi su yi sammako zuwa aiki Abuja, su dawo bayan magariba. Garin da yake da sarki da ganuwa tun Abuja ta yanzu tana daji, yana neman zama kamar wata unguwa a bayan birnin.

Saboda haka a yau ana haifar yara da yawa a Liman Abaji da Unguwar Rimi da Sabon Gari waɗanda iyayensu daga Sakkwato suke, ko Barno, ko Binuwai, ko Inugu. Hausar Keffi suke yi, makarantun Keffi suke shiga, ba su san wani gida ba sai nan. A cikinsu akwai likitoci da alƙalai da malaman gobe. Idan ɗayansu ya yi suna, Keffi za ta so ta ce nata ne, kamar yadda take tinƙaho da 'Yar'aduwa. To amma ranar da yake neman takardar shiga makaranta, yana da wuya a ce masa ɗan gida.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mutanen Ingila suna da wata al'ada da ta cancanci a duba. Tun 1867 ake manna wani zagayayyen allo a bangon gidan da wani mashahurin mutum ya taɓa zama a birnin Landan, a rubuta sunansa da aikinsa da shekarunsa. Ba a yi wa mutum sai ya shekara 20 da mutuwa, don kada siyasa ko son kai su shiga. Cikin 2023 allunan suka cika 1,000, kuma a cikinsu akwai na baƙi da yawa da suka zo daga wasu ƙasashe. Abin da ake dubawa shi ne mutum ya zauna a gidan, ba asalin kakanninsa ba. Haka kuma a unguwar Woolton da ke gefen birnin Liverpool akwai gidan da mawaƙin nan John Lennon ya tashi. Ba a unguwar aka haife shi ba, yayar mahaifiyarsa ce ta rene shi a can. Cikin 2002 matarsa ta sayi gidan ta ba hukumar adana kayan tarihi, yanzu mutane suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don su gan shi.

Keffi tana da duk abin da ake bukata don yin irin wannan aiki. Tana da fada, tana da jami'a, tana da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwaleji, tana kuma da dattawa a cikin tsofaffin unguwanni waɗanda suka ji labari daga bakin iyayensu. Ya kamata a bi unguwa-unguwa, a fara daga irin su Liman Abaji da Unguwar Iya, a rubuta sunayen limamai da alƙalai da malaman zaure, da fatake da maƙera, da matan da suka yi fice a sana'a ko koyarwa, domin ba 'yan siyasa kaɗai ne manyan gari ba. A nuna wurin da Magaji ya yi arangama da Razdan, a nuna ɗakin da 'Yar'aduwa ya kwana yana ɗalibi. Kullum dattijo ɗaya ya faɗi, akwai abin da yake tafiya da shi wanda ba za a sake samu ba, kuma kullum aka rushe tsohon zaure aka gina shaguna, wata shaida ta tafi ke nan.

Daɗin daɗawa, ya kamata hukuma ta dubi halin yaran da aka haifa a garin suka tashi a cikinsa, kada a bari sai sun yi suna tukuna a tuna da su. Abdu Zanga da kansa daga Katsina ya zo, kuma babu mai cewa shi ba ɗan Keffi ba ne. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma yi wa na baya albarka.